A Yi Hattara Da Masu Tallar Ƙwayar "Wankin Mahaifa"

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana mutanen karkara game da wani magani da ya shigo kasuwanninmu.

Ni manomi ne, da rani kuma nakan kasa 'yar tireda a kasuwa, don haka a gabana ake yin abin. Duk ranar kasuwa sai ka ga mai mota da lasifika yana tallar wasu ƙwayoyi cikin roba, wai sunansu furobayotik. Wai suna wanke mahaifa, suna kashe sanyi, macen da ta sha sai ciki. Matar ƙanena shekararta huɗu a ɗaki ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, gori ya ishe ta, ta sayar da akuyarta ta sayi roba uku. Shiru kake ji.

Da muka kai ta asibiti, malamar da ta duba ta ta ce maganin ba guba ba ne. Wasu ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke sa madara ta zama kindirmo, kuma sukan taimaka wa hanji, musamman ga wanda maganin asibiti ya sa shi zawo. Amma ba a tabbatar suna sa haihuwa ba. Na ce ikon Allah! Ashe ɗan'uwan abin da ke cikin ƙwaryar Bafulatana ne aka sayar mana da kuɗin akuya. Kuma abin da aka ce mai rai ne, zafi na kashe shi, ya wuni a bayan mota cikin ranar watan Afrilu, me ya rage a ciki?

Da aka yi gwaji sai aka ga ciwon sanyi ne ke damunta, aka ce lalle ita da mijin su sha magani tare. A nan aka kai ruwa rana, don mu maza ba ma son a ce mu ma a duba mu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata 'yar ƙwaya mai araha, folik asid. Malamar ta ce duk mai neman ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga har ya yi mako 12. Dalili kuwa, asalin lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri yana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da uwar ma ba ta san tana da shi ba. Rashinta na iya sa a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya. To matanmu sai ciki ya yi wata biyar ko shida suke zuwa awo, ka ga an makara ke nan. Wannan ba wanda ya taɓa tallarta da lasifika.

Ina kira ga hukumar NAFDAC ta riƙa leƙa kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, ta duba lamba da ranar lalacewa a jikin robobin nan. Ma'aikatan lafiya kuma su bi ta hannun masu unguwa da ungozoma, a gaya wa amare zancen folik asid tun ana shirin biki.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi daga karkarar Kano.