Kwana Uku a Garin da Babu Ciyawa



Da zarar an ce mana maigida ya kwashi iyali zuwa hutu, abin da ke faɗo mana a rai bai wuce dogayen benaye, manyan kantuna, lilo da wurin shan askirim ba. Haka muke tunani, haka kuma muke rubutawa. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu yi nisan kiwo, mu leƙa tsakiyar ƙasar Ostireliya, wannan busasshen yankin da mutanen can ke kira Autbak, mu tsaya a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Coober Pedy. Ra'ayinmu a fili yake tun daga farko: iyalin da suka isa irin wannan gari suka sha mai, suka ɗauki hoto a gindin allon shiga gari suka wuce, sun yi asarar kuɗin mai. Garin na kwana uku ne, kuma yara sun fi manya samun abin ƙaruwa a cikinsa.

Bari mu fara da inda yake. Daga birnin Adelaide zuwa Coober Pedy tafiyar kusan kilomita 850 ce a kan babban titin Stuart, wato kamar mutum ya je Abuja daga Kano ya juyo. Daga wani ɗan zango da ake kira Glendambo sai an yi fiye da kilomita 250 ba a ga gidan mai ba. Mutanen garin ba su kai dubu biyu ba. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu ke fama da hunturu, su zafi ke gasa su, har ya haura maki 40. Ruwan sha daga rijiyar burtsatse ake janyo shi mai gishiri-gishiri, a tace shi da inji, don haka da tsada. An ce itacen farko da aka taɓa gani a garin na ƙarfe ne, wanda wani ya yi wa walda daga tarkace, kuma har yau yana nan tsaye a kan tudu. To wane uba ne mai hankali zai kwashi 'ya'yansa ya kai su nan?

Amsar tana cikin tarihin garin, domin yaro ne ya samo shi. A farkon shekarar 1915 wata 'yar tawagar masu neman zinariya ta yada zango a wurin, ƙishirwa ta gallabe su. Manya suka fita neman ruwa suka bar wani yaro ɗan shekara 14, Willie Hutchison, yana gadin kaya. Yaro da ƙiriniya, shi ma ya sulale ya shiga daji. Da ya dawo, sai ga shi da labarin ruwa da kuma duwatsun ofal, wannan dutse mai ƙyalli da ke canza launi in an juya shi. Babban titin garin sunansa yake ɗauke da shi yau. Sunan garin kuwa an samo shi ne daga harshen 'yan asalin ƙasar, kuma fassarar da aka fi yi masa ita ce ramin Bature. Duk yaron da aka ba wannan labari a mota kafin a iso, ba sai an roƙe shi ya fito ba.

Abu na farko, kuma a ganinmu mafi girma, shi ne wurin kwana. Kusan rabin mutanen garin a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, cikin gidajen da aka fafe a jikin tuddai. Ba kogo ba ne irin na tatsuniya. Akwai falo, akwai kicin, akwai banɗaki, bango ne kawai dutse mai ruwan hoda da ratsin haƙoran injin da ya sare shi. In ka tsaya a waje ba abin da za ka gani sai bututai sun leƙo daga saman tudu, su ne ke shigar da iska. A ciki kuwa, ko waje na tafasa ko sanyin dare na sara, yanayin ɗaki bai cika gushewa daga maki ashirin da 'yan kai ba, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki. Akwai masaukai da otal-otal da aka gina a haka, har da wurin da ake kafa tanti a cikin rami.

Muna ganin kuskure ne iyali su zo nan su kama ɗaki a saman ƙasa don wai yara za su ji tsoro. E, za su ji. In an kashe fitila, duhun da ke sauka ba irin wanda suka sani ba ne, babu taga, babu hasken titi, babu kukan mota, ko hannunka ba ka gani. Amma maganin wannan tocila ce a ƙarƙashin matashi da barin fitilar banɗaki a kunne. Washegari yaron da ya yi kuka shi ne zai fara tambayar me ya sa ɗakin bai yi zafi ba, daga nan an shiga darasin da malami zai yi mako yana zanawa a allo: ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai kaurin bango ranar da ɗakin kwano ya gagari kowa, ya riga ya san rabin wannan karatu.

Akwai wani gida da ake buɗe wa baƙi, na wata mata mai suna Faye Nayler, wanda ita da wasu mata biyu suka faɗaɗa da diga da shebur a shekarun 1960. A kai 'yan mata su gani. Akwai kuma majami'u a ƙarƙashin ƙasa, mafi shahara ita ce ta Sabiyawa, mai dogon rufi da sassaƙa a jikin dutsen. Mutanen garin daga ƙasashe da dama suka taru, Girkawa da Italiyawa da 'yan tsohuwar Yugoslabiya da sauransu, kowa ya zo neman arziki.

Sai tonon tsibi. Ko'ina ka duba a kewayen garin za ka ga fararen tsibin ƙasa kamar an jera dala, su ne abin da masu haƙa suka fitar daga rami suka zubar. A cikinsu akan samu ɓarɓashin ofal da ya kuɓuce wa mai shi. An ware fili a gefen gari inda kowa zai iya zama ya tona da hannu, ba lasisi ba kuɗi, muddin ba a zo da kayan haƙa ba. Abin da ake buƙata hula, ruwan sha, da ɗan ruwan da za a yayyafa wa dutse don launinsa ya fito. A nan ne muke ganin darajar tafiyar take, ko da yake iyaye da yawa ba za su so jin dalilin ba: mafi yawan abin da yaro zai tsinta ofal ne maras launi, wanda ba ya da kasuwa. Zai yi awa biyu a rana, ƙura ta buɗe shi, ƙudaje su dame shi, ya tashi da 'yan tsakuwa a aljihu da ba za su sayi alawa ba. Kada uba ya ruga kanti ya sayo mai ƙyalli ya binne masa a tsibi don ya yi murna. Garin nan kacokan a kan wannan aka gina shi, mutum ya shekara yana haƙa bai samu komai ba, maƙwabcinsa ya fasa bango don ƙara ɗaki ya ci karo da arziki. Zafin nema ba ya kawo samu, kuma yaron da ya ji haka a yatsunsa zai kalli dattijon da ke zaga da su cikin tsohuwar mahaƙa da wani ido daban.

Mahaƙun da aka mayar gidan tarihi biyu ne suka fi suna, Old Timers Mine, wadda aka fara haƙa tun 1916, da kuma Umoona. Ana sa wa yara hular kwano su bi ta lunguna, su ga matakalar da masu haƙa ke sassaƙawa a jikin rijiya. A Umoona ne za a nuna musu abin da ya fi komai ɗaure kai: wannan hamada a da can teku ce, shekaru sama da miliyan ɗari da suka wuce. Shi ya sa ake tono bawon kumba da ƙasusuwan halittun ruwa da suka rikiɗe suka zama ofal. A 1987 wani mai haƙa ya tono kwarangwal ɗin wata dabbar ruwa kusan cikakke, aka laƙaba masa suna Eric. Da aka ji tsoron za a sayar da shi a fitar da shi waje, jama'a suka yi karo-karo, ciki har da 'yan makaranta da 'yan kuɗin kashewarsu, aka saye shi. Yana gidan tarihi na Sidni yanzu.

To amma ba za mu yi ta zuba yabo mu ɓoye inda gizo ke saƙa ba. Masu cewa wurin bai dace da ƙananan yara ba suna da hujja. Filayen haƙa cike suke da rijiyoyi a buɗe, dubbai, wasu zurfinsu ya kai mita ashirin zuwa talatin, ba murfi ba shinge. Allunan gargaɗin garin sun yi suna a duniya, da hoton mutum yana faɗawa rami, suna hana gudu, suna hana tafiya da baya. Wannan na biyun ba wasa ba ne, mai ɗaukar hoto ne ke ja da baya don kowa ya fito, sai ya ji ba ƙasa. Shiga filin wani ba izini laifi ne ma a doka. Don haka wanda ya san ɗansa ba ya jin bari, ya riƙe hannunsa, ya tsaya inda aka ware, ko ya bi motar masu zagaya da baƙi. Kuma duk wanda ya kai yara can a watan Janairu, shi ya jawo wa kansa. Lokacin zuwa daga Afrilu ne zuwa Oktoba, a kuma tafi da rigar sanyi domin dare.

Da la'asar sai a fita gari. Kimanin kilomita 30 arewa akwai Kanku-Breakaways, jerin tuddai masu lebur ɗin kai, fari da ja da ruwan ɗorawa, waɗanda launinsu ke sauyawa yayin da rana ke faɗuwa. Ana yankar takardar izini kafin a shiga. Nan ma akwai abin da muke so iyaye su faɗa wa yara, ba su bar shi a kan allo ba: wurin na mutanen Antakirinja Matu-Yankunytjatjara ne, suna nan tun kafin a san ofal yana da kuɗi, kuma sai a 2011 kotu ta tabbatar musu da haƙƙinsu na gado a kan yankin. Ba a hawa tuddan, ba a ɗaukar dutse a sa a aljihu. Yaron da aka bari ya cika aljihu da safe, aka hana shi da yamma, dole ya tambayi dalili, kuma tambaya ce mai kyau.

A kan hanyar dawowa ana bi ta gefen shingen dingo, wata wayar da ta haura kilomita 5,600, wadda aka ja don raba karnukan daji da garken tumakin kudu. Ganinta ba wani abin a zo a gani ba ne, waya ce da turaku. Tsawonta ne abin mamaki.

Sauran abubuwan a taƙaice. Akwai wani shagon zane-zane da ke renon 'ya'yan kangaru marayu, waɗanda galibi mota ce ta kashe iyayensu, ana ba su madara a kwalba a gaban baƙi. Akwai filin golf da babu ko ƙwayar ciyawa, kowane ɗan wasa yana yawo da 'yar guntuwar ciyawar roba. A bakin titi an yar da wani jirgin sama jannati na bogi, ragowar fim ɗin Pitch Black, kuma an ɗauki wani ɓangare na Mad Max na uku a wannan yanki. Waɗannan na rabin awa ne kowanne, mu dai ba za mu tsara yini a kansu ba.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne silimar fili, wadda ake kallo daga cikin mota, da aka gina a 1965. A da, masu haƙa kan zo kallo kai tsaye daga wurin aiki da nakiya a bayan mota, har ta kai ana haska sanarwa a allo ana roƙon kada a shigo da ita. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da wurin, ba kuma kowane dare ake nuna fim ba, sai an tambaya a gari. A ƙarshen 2023 guguwa ta yi kaca-kaca da allon, mutanen gari suka tashi neman kuɗin gyara. Gari mai mutum ƙasa da dubu biyu, mai sayen ruwa da tsada, ya ga cewa wurin da iyalai ke haɗuwa da dare ya cancanci a yi masa karo-karo.

Wani abu kuma da zai ja hankalin irinmu: jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin, mai tsayawa a wata 'yar tasha da ake kira Manguri kusa da garin, sunansa Ghan, kuma tambarinsa raƙumi ne da mahayinsa. An sa masa sunan ne don tunawa da Musulmin da aka kawo daga Afganistan da yankunan Indiya ta wancan zamani a ƙarni na 19, waɗanda ayarin raƙumansu ya yi jigilar kaya da abinci da ruwa a wannan hamada kafin zuwan dogo da mota. A garin Marree, can gabas da nan, suka gina masallacin da ake ɗauka shi ne na farko a ƙasar, na laka da jinka. Da mota ta karɓe aikin sai aka saki raƙuman a daji, jikokinsu na nan suna yawo a Autbak har gobe.

Wanda ke da manyan yara da kwana na huɗu, akwai motar kai wasiƙu da ke tashi daga Coober Pedy sau biyu a mako, ta bi ta William Creek da Oodnadatta, tana tsayawa a gidajen makiyaya tana ajiye saƙo. Tana ɗaukar fasinja. Tafiyar yini guda ce cur, kusan kilomita 600, galibi a kan burji, don haka ba ta masu goyo ba ce.