Wa Ya Tambayi Mutanen Zango?

Ran 29 ga Janairu, 2025, ƙasashen Nijar da Mali da Barkina Faso suka gama fita daga ƙungiyar ECOWAS, shekara guda bayan da sojojin da ke mulkinsu suka ba da sanarwa. A Nima da Mamobi, cikin birnin Akra, labarin bai rasa masu tafi ba. A wuraren da samari ke taruwa shan ataya da yamma, da rumfunan masu ɗinki, akwai masu cewa ai haka ya kamata, kowace ƙasa ta tsaya da ƙafarta, ta rufe ƙofarta in ta ga dama, kamar yadda mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a 2016. Maganar tana da daɗin ji. Amma in akwai wanda bai kamata ya faɗe ta ba, ɗan Zango ne, gama duk lokacin da wata gwamnati a yankin nan ta tashi rarrabe ɗan ƙasa da baƙo, a ƙofarsa ake fara tsayawa.

Wanda ya manta, sai ya tambayi tsofaffi. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia, wadda ba ta yi wata uku a kan mulki ba, ta ba da umarni cewa kowane baƙo da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu, ko kuwa ya bar Gana. Mako biyu! Ga mutumin da ya shekara talatin yana sayar da goro a kasuwa, ko yana noman koko a gonar wani, ko yana gadi a gidan Bature, wanda ba a taɓa tambayarsa takarda ba tun zuwansa. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun kai wajen kashi 12 cikin ɗari na mutanen Gana, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta baƙi, a Gana aka haife su. Masu bincike sun ƙiyasta mutum 200,000 ko fiye suka fita cikin 'yan watanni: Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli da sauransu. Aka sayar da gidaje da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Aka loda mutane cikin manyan motoci aka nufi iyaka da su. Yaran da ba su san wani gari ba sai Akra ko Kumasi aka ce musu su koma gida, wato garin da ba su taɓa gani ba. Zuwa ƙidayar 1970, baƙi sun koma ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Kada kuma mai bi na Zango ya ce wannan damuwar Musulmi ce. Umarnin nan bai tambayi addinin kowa ba. Yawancin ikilisiyoyin Baptis na farko a Gana Yarabawa 'yan kasuwa ne suka kafa su, suka gina su da guminsu, bayan 1969 kuwa waɗansunsu suka zama kango don masu sujada sun tafi. Ɗan sandan da ya shigo lungu da dare kamanni yake duba, da tsagen fuska, da harshen da ake yi a gidan. Bafarafare ko Bakusashe na arewacin Gana, wanda Hausa ce harshensa na kasuwa da na maƙwabtaka, shi ma sai ya yi bayani kafin a bar shi.

Me Gana ta samu? An ce za a sami aikin yi, a rage sata, ciniki ya koma hannun 'yan ƙasa. Waɗansu kam sun gaji rumfuna a araha. Amma gonakin koko suka rasa ma'aikata, tattalin arziki bai farfaɗo ba, aka karya darajar sidi a Disamba 1971, ran 13 ga Janairu, 1972 kuma Kanar Acheampong ya hamɓarar da Busia. Bayan shekara goma sha uku da umarnin, reshe ya juye da mujiya. Ran 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a Nijeriya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, da hujjoji iri ɗaya da na Busia. Kusan 'yan Gana miliyan ɗaya suka kwaso kayansu cikin jakunkunan nan masu ratsi da har yau ake kira da sunan korar, suka cushe a iyakar Seme da ta Aflao da tashar jirgin ruwa ta Apapa, suka iso gida a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. A cikinsu akwai 'yan Nima da suka tafi Legas da Kano neman kuɗi. Aka kori iyaye daga Gana a kan su 'yan Nijeriya ne, aka kori 'ya'ya daga Nijeriya a kan su 'yan Gana ne. Gida ɗaya ya sha bulala biyu.

Abin lura shi ne, korar 1983 ta faru bayan an riga an sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba biza har kwana 90. Wato yarjejeniyar ba garu ba ce, darni ce ta kara. Amma mai hankali ba ya tuge darninsa don ba ta kai garu ba. Da ita direban da ya ɗauko albasar Galmi yake ratsa ƙasa biyu ko uku ya sauke a Akra, da ita mai shanu daga Barkina ke shigowa ta Paga, da ita tsohuwa ke tashi daga Mamobi ta je biki Maraɗi ta dawo ba ta taka ofishin jakadanci ba.

Gaskiya ne fushin da ake yi da ECOWAS yana da dalili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. Sojojin da suka ƙwace mulki ba su kwana da yunwa ba. Talaka ne ya rasa magani da shinkafa har aka janye takunkumin a Fabrairu 2024. Motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, farashi ya tashi a kasuwannin Akra. Wanda ya ce wannan zalunci ne bai yi ƙarya ba. Sai dai ya duba abin da ya cuce shi a watannin nan: rufe iyaka ne. To, ƙaƙa wanda rufe iyaka na wata bakwai ya gigita zai yi murna da matakin da ya mai da buɗewarta abin alfarma? A Janairu 2025 ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na ƙasashen uku har sai an ba da wata sanarwa, su ma ƙasashen uku suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan yankin. Madalla. Amma dā hakki ne rubutacce, yanzu kuwa alheri ne, mai alheri kuma yana iya fasawa ran da ransa ya ɓaci.

Ba a kuma tambayi kowa ba. Babu ƙuri'ar raba gardama a Nijar, babu a Mali, babu a Barkina Faso kan wannan fita; sanarwa aka karanta a talabijin. Waɗansu na cewa da an jefa ƙuri'a ma, jama'a za su goyi baya. Mai yiwuwa ne. Amma ko an jefa, wa zai kai akwati Nima, ko Sabon Zango, ko Ashaiman, ko Aboabo ta Kumasi, wurin waɗanda abin zai fi taɓawa?

Nan ne misalin Birtaniya ya cancanci a dube shi da kyau, tun da shi ake kawowa. Ran 23 ga Yuni, 2016, kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Maganar baƙi ita ce ta fi zafi a yaƙin neman ƙuri'ar. Mutanen ƙasashen Turai wajen miliyan uku da ke zaune a Birtaniya, waɗanda makomarsu ake yankewa, yawancinsu ba su da ƙuri'a a ranar. Ɗan Gana da ɗan Nijeriya mazaunin London kuwa yana da ita, albarkacin Commonwealth, waɗansu ma suka zaɓi fita da zaton in an rufe wa Bafolandi ƙofa za a buɗe wa ɗan'uwansu. Birtaniya ta fita ran 31 ga Janairu, 2020. Shin baƙi sun ragu? A 2022 yawan masu shiga ya ɗara na masu fita da fiye da 700,000, abin da ba a taɓa gani ba, gama asibitoci da gidajen kula da tsofaffi ba su daina bukatar hannu ba don an jefa ƙuri'a. Da surutu ya sake tashi, a 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma da yawa, zuwa da matansu da 'ya'yansu. A tsakani kuma, a 2018, asirin abin da ake kira Windrush ya tonu: mutanen Karibiyan da suka zo tun suna yara, suka yi aiki suka tsufa a Ingila bisa doka, aka kore su daga aiki, aka tsare waɗansu, aka fitar da waɗansu daga ƙasar, don kawai ba su riƙe takardar da ba wanda ya taɓa ce musu su riƙe. Dattijon Nima da ya ga 1969 ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Gana ma ta san ƙuri'ar raba gardama kan iyaka. Ran 9 ga Mayu, 1956, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen yankin Togo da ke hannun Ingila ko za su haɗe da Gwal Kwas. Wajen kashi 58 cikin ɗari suka yarda. Arewa ta ce i, yankunan Ho da Kpandu suka fi karkata ga a'a. An ƙidaya ƙuri'u cikin kwanaki, amma har yanzu lokacin rajistar zaɓe ana tsai da mutumin Aflao a tambaye shi ko shi ɗan Togo ne. Ƙuri'a takan yanke inda layi zai bi. Ba ta taɓa faɗin abin da za a yi da mutanen da layin ya ratsa ta tsakar gidansu ba.

Zango ya girmi layukan nan duka. Fataken goro suna bin hanyar Salaga tun kafin a san wani abu wai shi Gana ko Nijeriya. Sojojin Hausa na Glover sun yi yaƙin Asante a 1874, da yawansu suka zauna a Akra. Nima kanta Malam Futa ya kafa ta a farkon shekarun 1930, a ƙasar da ya samu daga mutanen Osu. Har abincin da ɗan Akra ke karyawa da shi yana ba da shaida, koko da ƙosai, da wake da ya zama waakye, da tuwon zafi. Duk da haka tsarin mulkin 1992 bai ce haihuwa a Gana kaɗai ta isa ba. Sai mahaifi ko mahaifiya ko ɗaya daga cikin kakanni ya zama ɗan ƙasa. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce wajen rajistar zaɓe. Saboda haka saurayin da aka haifi kakansa a Zongo Lane yana iya tsayawa gaban ma'aikacin Ghana Card, a ji sunansa, a ce masa ina ne garinku na asali, ya ce Nima, a ce Nima ba garin kowa ba ne.

Ba wanda ya ce ƙasa ba ta da ikon sanin mai shiga da mai fita, balle a zamanin da 'yan bindiga ke kai hari kusa da iyakar arewa. Ɗan kasuwar Gana da ke kukan an cika masa kasuwa shi ma yana da ciki da zai ciyar. Amma tsaro aikin bincike ne, mutum ɗaya ɗaya, da laifinsa da shaidarsa. Shara daban ce. A Mayu 2025 hukumar shige da fice ta Gana ta kwashe mutum fiye da 2,000 daga titunan Akra a rana ɗaya a kan bara, yawancinsu 'yan Nijar, yawancinsu kuma mata da yara. Mutane da yawa a Zango suka ce ai mabarata ne, sun ɓata mana suna. Haka waɗansu suka ce a 1969, cewa marasa takarda ake nema, ba su ba, har motar ta tsaya a ƙofarsu.

Abin da ya kamata sarakunan Zango da limamai da fastoci da 'yan majalisar Ayawaso su sa a gaba ba boyayye ba ne. Tun 2017 aka kafa Asusun Raya Zango, ana maganar kwalbati da filin ƙwallo da fitilun titi, duk suna da amfani. Amma ba a ji ana matsa wa majalisa ta yi doka mai sauƙi wadda za ta ba wanda aka haifa a Gana, aka haifi iyayensa a Gana, hanyar tabbatar da zamansa ɗan ƙasa ba tare da ya nemo takardar kakan da ya rasu tun zamanin Turawa ba. Ya kamata a matsa wa gwamnati ta ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da Yamai da Wagadugu da Bamako kan zama da ciniki da zirga-zirga, maimakon dogara ga sanarwar da ake iya janyewa da wata sanarwa. Kowane gida kuma ya yi wa jariri rajista tun kafin a yaye shi, ya adana takardar makaranta da ta fili da ta haraji, a zauna da tsofaffin da suka rage a rubuta wa ya haifi wa, a wace unguwa, a wace shekara. A 1969 mako biyu aka bayar, layin da ke ƙofar ofisoshin jakadanci kuwa bai ƙare ba har wa'adin ya cika ran 2 ga Disamba.