Kunyar Cikin Fari da Lafiyar Ƙananan Mata

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Mu manazarta mun daɗe muna yabon kunya, amma ba mu cika duba illarta a nan ba. A Kawo ko Badarawa, cikin garin Kaduna, asibiti ba nisa, duk da haka ƙaramar amarya takan ɓoye cikinta, ta ƙi zuwa awo, har jijjiga ko doguwar naƙuda mai jawo yoyon fitsari ta riske ta. Al'adar goyon ciki ta ɗora wa uwa kula da 'yarta gab da haihuwa. A ganina, kamata ya yi kulawar ta fara tun watannin farko, da rakiya zuwa awo.