Kwalbar ɗigo kaɗai ba za ta tsare idanun iyayenmu ba

Duk ranar da aka yi shelar aikin ido kyauta, ku je ku dubi layi. Tsofaffi ne daga Matankari, Ɗan Kasari, Tibiri, Kore Mairuwa, kowa da ɗan jagoransa. Masu yana a cire musu, washegari a kware bandeji su ga jikokinsu, a ɗauki hoto a saka a Facebook. Madalla da wannan. Amma cikin layin nan akwai waɗanda likita zai haska idonsu, ya yi shiru, ya ce su yi haƙuri. Su ba a ɗaukar hotonsu. Da yawa daga cikinsu hawan jinin ido ne ya gama da su, ciwon da likitoci ke kira gilakoma.

Sunan ma yana ruɗa mutane, don ba jini ne ke hawa ba. Ido yana da wani ruwa garai-garai da yake yi wa kansa kullum, ruwan kuma yana fita ta wata ƴar magudana da ta zagaye baƙin ido daga ciki. In magudanar ta cushe, ruwan ya taru, sai ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai na'urar awo: a yawancin masu lafiya tana nuna 10 zuwa 21. Abin tsoron shi ne, irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya sa ja, ba ya kawo kwantsa. Gani yana zarewa ne daga gefe. Inna ta fara tuntuɓe da turmi, Baba ya daina ganin babur sai ya zo gabansa, mu ce ai tsufa ne. Jijiyar da ta mutu kuwa ta tafi ke nan, ba tiyatar da ke dawo da ita.

A Najeriya an yi babban binciken ido na ƙasa daga 2005 zuwa 2007. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta sun fitar da abin da ya shafi wannan ciwo: mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi. Waɗanda suka san suna ɗauke da shi ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Alƙaluman nasu ne, na yarda. Amma tsakaninmu da dangin Kangiwa iyaka ce kawai, ita kuwa ba ta tace ciwo.

To, wanda Allah ya taimaka aka gano nasa da sauran gani, me ake ba shi? Takardar magani. Timolol, ɗigo safe da yamma, kullum, har ƙarshen rai. A takarda abin ya yi daidai. Ku ɗora shi kan manomin Dogon Kirya mu gani. Kwalba ta ƙare tsakiyar damina, kuɗi babu, farmasi da nisa. Yaron da ke aiko ƴan jikkuna ya tafi cin rani, wata biyu shiru. Tsohon da hannunsa ke rawa, rabin ɗigon a kumatu yake ƙarewa. Kuma maganin ba ya ƙara gani, yana dai riƙe abin da ya saura, shi ya sa bayan kwalba uku mutum zai ce ba ya aiki, ya ajiye. Mai asma ma ba a ba shi timolol. Sannan ku tuna da 2023, lokacin da Cedeao ta rufe mana iyakoki, magunguna suka yi wuya a ƙasar nan. Ciwon nan ba ya jira a buɗe iyaka.

Akwai wata hanya, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1995 wani likitan Amurka, Mark Latina, ya fito da aikin leza da ake kira SLT. Mutum yana zaune, a ɗiga masa maganin kashe zafi, a ɗora wani ɗan gilashi a kan idon, a bi magudanar nan da ɗan haske kamar sau ɗari. Hasken yana tayar da ƙwayoyin jikin wurin su share hanya, ruwa ya samu mafita. Minti goma ya isa. Ba wuƙa, ba ɗinki, ba kwanciya asibiti.

A Ingila an gwada shi kan mutum 718, aka fitar da sakamakon a 2019: bayan shekara uku, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka fara musu da leza ba sa bukatar ɗigo. A 2022 hukumar da ke tsara yadda ake jinya a ƙasar ta ce da leza za a riƙa farawa. Ku ji fa, ƙasar da farmasi ke kowace kwana.

Wani zai ce wannan idon Bature ne. To, ga Moshi ta Tanzaniya, a gindin dutsen Kilimanjaro. A can Dakta Heiko Philippin da tawagarsa suka raba majinyata 201 gida biyu, yawancinsu ciwon ya riga ya yi nisa, kamar dai namu. Sakamakon ya fito a 2021. Bayan shekara ɗaya, leza ta riƙe idanu 61 cikin 100, timolol ya riƙe 31. Suka kuma yi lissafi: asibitin da zai yi wa idanu 500 a shekara zai iya yin aikin a kan kuɗin da bai wuce na ɗigon shekara guda ba.

Kar wani ya kwashi wannan rubutu ya je ya ce wa tsohonsa an samo maganin makanta. Leza ba ta dawo da ganin da ya tafi. Ba kowa take karɓa ba, ga shi nan a Moshi ma 39 cikin 100 ba ta ishe su ba. Ƙarfinta yana raguwa bayan ƴan shekaru, sai a maimaita. Wasu dole sai an haɗa musu da ɗigo ko tiyata, kuma kowa sai ya riƙa komawa awo. Amma komawa awo sau ɗaya ko biyu a shekara daban ne da neman kwalba kowane wata.

Na san abin da za a ce mana: na'ura da tsada, wuta ba tabbas, likitocin ido kaɗan ne kuma yawancinsu suna Yamai, kusan kilomita 270 daga Dogon Dutsi. Duk gaskiya ne. Sai dai na'urar nan a kan tebur take zama, mota tana ɗaukarta. Ba mu ce kowace CSI ta samu tata ba. Guda ɗaya ga jihar Doso, da likitan da zai riƙa zagayawa da ita Dutsi, Tibiri, Gaya, Loga, a kan ranakun da kowa ya sani. Jiha guda ta rasa idanu 500 a shekara? Ai sai dai in ba a nema ba.

Neman nan kuwa shi ne gindin maganar, don leza ba ta da amfani ga wanda ya iso a makance. Tambayarmu ga ma'aikatar kiwon lafiya da shirinta na lafiyar ido, PNSO, ita ce: yaushe awon ruwan ido zai zama abin yau da kullum ga duk mai shekara 40 da ya shigo asibitin gunduma, kamar yadda ake ɗaura masa awon hawan jini? Ƙungiyoyin da ke kawo aikin yana kyauta su ma mu tambaye su, cikin ladabi: mutum nawa kuka auna, nawa kuka gano, wa kuka damƙa wa su bayan kun tafi?

Mu kuma da namu. Ciwon nan yana bin dangi. In a gidanku akwai wanda ya makance alhali idonsa tas, ba fari ba komai, to ƙannensa da ƴaƴansa su je a duba su bana, kai ma har da kai in ka doshi arba'in. In kun je, ku ce a auna ruwan ido a kuma duba jijiya, kar ku tsaya ga karanta allo, don mai wannan ciwo yana iya karanta layin ƙasa sarai. Ku leƙa kuma ɗakin Inna ku duba kwalaben ɗigon da ake saya wurin masu tallar magani a faranti. Duk wadda aka rubuta dexaméthasone a jikinta kuma ba likita ya rubuta mata ba, ku kai ta a nuna wa likita, don yawan ɗiga irinta shi kansa yana tayar da ruwan ido.