Sharhi: Ɗan Nguru mai binciken ƙwaƙwalwa da lissafin da ya shafe mu

Duk wanda ya taɓa kai bisashe Maigatari, ko ya saro kaya a Jibiya ko Illela, ya san cewa a kasuwa suna ya fi jari. Dillalin da ake ambaton sunansa daga Damagaram har Kano, shi ake ba amana ko da aljihunsa babu ko dala. To haka abin yake a wajen masana kimiyya. Su ma suna da kasuwarsu, suna da hajarsu, suna kuma da yadda suke auna wanda ake jin maganarsa. A wannan fili za mu duba aikin wani masani ɗan maƙwabciyarmu Najeriya, Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin Nguru ta jihar Yobe, saboda lissafin da ya yi ya taɓo abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya a garuruwan bakin iyaka.

Dokta Maina ya yi karatun sanin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, daga nan ya wuce Jami'ar Sussex da ke Ingila, inda ya kammala digirin digirgir a shekarar 2017. Fanninsa shi ne cutar Alzheimer, wadda ke cikin abin da mu Hausawa muke haɗawa mu kira gigin tsufa: dattijo ya manta sunan ƴaƴansa, ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. A ƙwaƙwalwar masu wannan cuta, wani sinadari mai suna tau yakan lalace ya dunƙule cikin ƙwayoyin halitta. A wani bincike da aka buga a 2018, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa wannan sinadari yana da wani aiki a can cikin cibiyar ƙwayar halitta, wurin da ake harhaɗa injinan da ke ƙera sinadaran gina jiki.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fahimci yadda ake awo a wannan kasuwa. Masani in ya gama bincike, sai ya rubuta ya aika wa mujallar masana. Mujallar ta ba wasu ƙwararru su tantance, in sun yarda a buga. Bayan haka, duk lokacin da wani masani a wata ƙasa ya dogara da wannan aiki ya ambace shi cikin nasa rubutun, ana ƙidaya wa mai aikin ambato ɗaya. A shekarar 2005 wani masani a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya fito da ma'auni mai sauƙi: in an ce makin mutum 20 ne, ana nufin yana da rubutu 20 waɗanda kowannensu an ambace shi aƙalla sau 20. Da irin wannan ƙidaya jami'o'i da yawa ke ƙarin girma, masu ba da kuɗin bincike kuma su duba wanda za su danƙa wa dukiyarsu.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne Dokta Maina bai tsaya kan nasa makin kaɗai ba. Ya ɗauki wannan mudu ya auna nahiyar gaba ɗaya. A 2021 mujallar Nature Communications ta buga aikin da ya jagoranta tare da matasan masana ƴan Najeriya da kuma Tom Baden da Lucia Prieto-Godino, waɗanda suka kafa ƙungiyar TReND mai horar da masana a Afirka. Sun tace rubuce-rubuce sama da 12,000 kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da aka buga tsakanin 1996 da 2017 waɗanda ke ɗauke da sunan wata cibiya ta Afirka. Daga ciki, 5,219 ne kawai suka tarar ƴan Afirka ne suka jagorance su. Wato fiye da rabi, sunanmu na kan buhu amma hatsin na wani ne.

Cikin waɗannan 5,219 kuma, Masar ce ke da kashi 28 cikin ɗari, Afirka ta Kudu 23, Najeriya 11, Maroko 8, Tunisiya 7. Ƙasashe 5 sun kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu, sauran ƙasashe kusan 50, har da Nijar da Cadi da Kamaru, suka raba ragowar. Binciken ya kuma nuna cewa ayyukan da aka yi tare da abokan hulɗa na waje sun fi samun ambato, cewa masanan Afirka sun fi haɗa hannu da Turai da Amurka a kan junansu, kuma in ka cire kudancin Afirka, yawancin kuɗin da ake ambata cikin manyan ayyukan daga waje suke zuwa.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Mun san abin da ke faruwa da fata da kirgi, da riɗi, da ƙaro: a saye a hannunmu da araha, a sarrafa a wani wuri, a dawo mana da shi da tsada. Kuma wanda ya ba da jari shi ke faɗin kayan da za a saro. In kuɗin bincike daga Landan ko Washington suke fitowa, tambayar da za a fara amsawa ita ce wadda ta dame su, ba lalle wadda ta dami mai farfaɗiya a Magarya ko Maine Soroa ba.

Sai dai kuma ba za mu ce haɗin gwiwa da waje aibi ne ba, domin mun ga amfaninsa da idonmu. A 1996 sanƙarau ya kama mutane kimanin 250,000 a wannan yanki na Afirka, ya kashe wajen 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ta samu ne daga haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya ta Amurka da kamfanin magani na Indiya, bisa sharaɗin da shugabannin lafiya na Afirka suka gindaya cewa kada kuɗin allura ɗaya ya wuce rabin dalar Amurka. Nau'in A na cutar, wanda ya fi kashe mu, ya kusa ɓacewa. Haka ma a Ibadan, binciken da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun ya fara a 1992 tare da masanan Indianapolis ya gano cewa cutar Alzheimer na kama dattawan Ibadan ƙasa da rabin yadda take kama baƙaƙen fata na wancan birni na Amurka. Bambancin da ke tsakanin waɗannan da sauran shi ne ƴan gida na zaune a wurin da ake yanke shawara.

Ya kamata kuma mu faɗi cewa shi kansa mudun yana da tawaya. Rumbunan da ake ƙidaya ambato a cikinsu sun fi ɗaukar mujallun Turancin Ingilishi, saboda haka likitan Yamai ko Maraɗi da ya rubuta da Faransanci a mujallar yanki yana iya yin aiki mai kyau ba a gan shi ba. Ga kuma tsadar bugu: a 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500, sama da miliyan 6 na kuɗin sefa, ga wanda ke son kowa ya karanta rubutunsa kyauta, ko da yake daga baya an sassauta wa ƙasashe matalauta. Sannan ambato ba ya ƙidaya yaran da suka daina faɗuwa cikin wuta. Maki mai yawa shaida ce cewa masana na karanta mutum. Ko mutanen garinsa sun amfana, wannan wani lissafi ne dabam.

A wannan lissafi na biyu ne muke ganin Dokta Maina ya yi abin a yaba. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda shi ne ya kafa ta, da na'urorin hangen ƙwayoyin halitta irin waɗanda a da sai an haye teku ake ganinsu. Cibiyar na horar da matasa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam, tana kuma cikin masu binciken ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa, a bakin kogin Komadugu Yobe, kogin da mutanenmu na jihar Diffa ke sha suna noman tattasai da shi.

To mu ina namu a ciki? A gidajen rediyonmu na karkara, da wuya a buɗe layi kan lafiya ba a samu mai tambaya kan farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko matashin da tramol ya juya wa kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 na iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samunsa. Mun sha ganin yarinya an cire ta daga makaranta, an hana ta cin abinci ƙwarya ɗaya da ƴan'uwanta, alhali cutar ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa.

Akwai kuma batun sassaƙe da saiwoyi da ake kasawa a kasuwanninmu. Wani binciken da Dokta Maina ya jagoranta a 2019 kan Najeriya kaɗai ya nuna cewa kaso mai yawa na aikin masanan ƙasar a wannan fanni kan itatuwan magani ne, amma ƙarancin kayan aiki na zamani ya hana yawancinsu kaiwa ga manyan mujallu. Mai sayar da magani na gaskiya shi zai fi kowa cin riba in aka samu wurin gwaji kusa, domin a nan ne za a raba shi da mai damfara.

Shawararmu ga magabata ita ce su cika alkawarin da ƙasashen Tarayyar Afirka suka ɗauka na ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa don bincike, kuma jami'o'inmu na Damagaram da Maraɗi da Diffa su nemi hulɗa da Damaturu da Maiduguri da Kano, waɗanda mota ke kaiwa cikin yini guda. Mun ga yadda rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, suka tsayar da kaya da marasa lafiya da ɗalibai baki ɗaya. Bai kamata saɓanin gwamnatoci ya riƙa datse hanyar ilimi ba.

Su kuma ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa, da ke tara kuɗin gina masallaci da gyaran rumfuna, ba zai gagare su ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu masu karatun likitancin ƙwaƙwalwa ba. In masu bincike sun shigo garinmu neman jini ko amsar tambayoyi, mu karɓe su hannu biyu, amma mu tambaye su wa ke jagorantar aikin, ina za a kai abin da aka ɗiba, da kuma ranar da za su dawo su gaya mana sakamako da harshenmu. Wanda ya ba da kaya bashi yana da haƙƙin sanin ranar biya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma sa albarka a kasuwa.