Kada Ka Biya Bakanike Alhali Fitilar Birki Tana Kunne

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Parakou da Zugu, wato Djougou, har ya zarce kasuwar dabbobi ta Kolokondé, ya san kukan da taya ke yi idan boris ya ci. Ƙura da ramuka da lodi mai nauyi su ne ke cinye boris, don haka canza shi ya zama ruwan dare. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fitowa daga gareji bayan an canza boris, sai ka ga fitilar ABS ta kama a gaban direba, wani lokaci har da jar fitilar birki, kuma da bakanike da mai mota kowa ya kau da kai.

Mai karatu, wannan fitila ba ado ba ce. Tun a 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da tsarin ABS na lantarki, kuma daga 2004 kusan duk sabuwar ƙaramar motar da ake sayarwa a Turai da shi take zuwa. Irin waɗannan motoci ne ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, mu saye su. A jikin kowace taya akwai wata 'yar na'ura da ke ƙirga juyawarta, tana aika wa kwamfutar mota. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, kwamfutar ce ke hana taya ƙamewa ta ja ƙasa, don sitiyari ya ci gaba da jin magana.

To, ina ruwan boris da wannan? A motoci da yawa, zoben da 'yar na'urar ke karantawa yana jikin boris ɗin ne, maganaɗisu ne a gefe guda kawai. Idan bakanike ya juya shi baibai, na'urar ba za ta ga komai ba. Haka kuma idan aka buga shi da guduma maimakon a matsa shi da injin matsi, zoben na iya lalacewa. Wani lokacin wayar na'urar ce aka tsinke ko aka manta ba a jona ba, ko ɓurɓushin ƙarfe ya manne a bakinta, ko kuma an sayo boris mai araha wanda ba shi da zoben kwata-kwata. Gane gefen maganaɗisu ba wuya: a kusanto da allura, gefen da ya kama ta shi zai fuskanci na'urar.

Ya kamata kowane mai mota ya san bambancin fitilun biyu. Idan ta ABS mai ruwan ɗorawa ce kaɗai, birki yana ci, amma kariyar nan ta tafi, ranar da saniya ta faɗo titi cikin ruwan sama za a gane amfaninta. Idan kuwa ja ce, a fara duba birkin hannu, sannan a duba man birki. Idan duka biyun suka kama tare, to a faka. A motoci da dama hakan na nufin rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya tsaya, tayoyin baya na iya ƙamewa motar ta juya.

Abin takaici, akwai masu gyaran da ke cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da baƙin salatif, su ce an gama. Wannan ha'inci ne, wasa ne da rayukan bayin Allah. Gane shi kuma da sauƙi: idan ka murɗa makulli, dole fitilar ABS ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an taɓa ta.

Sai dai mu ma masu motoci muna da namu laifin. Mu ne ke matsa wa bakanike ya kawo mafi araha, mu ne ke tsaye a kansa muna cewa kasuwa za ta watse. Alhali araha ba ta ado. Daga Parakou zuwa Zugu ya haura kilomita 130, ga manyan motocin auduga a lokacin kaka, ga babura, ga garken shanu. Wanda ya ɗora jarinsa da 'ya'yan mutane a mota, bai kamata ya yi tsimin kuɗin boris ba. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma rigakafi ya fi magani.

Shawarata ita ce a yi sharaɗi tun kafin a kwance taya. Ka nuna wa bakanike cewa fitila a mace take, kuma haka kake son karɓar motarka. Bayan aiki ku zagaya tare, domin sau da yawa sai mota ta fara gudu fitilar ke kamawa. Idan ta kama, a jona na'urar binciken kwamfuta, ita za ta faɗi tayar da ke da matsala, a gyara kafin kuɗi su fita daga aljihu. Shugabannin tasha su ma su daina ba motar da jar fitila ke ci a gabanta layin lodi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.