Raddi ga mai cewa NMR mai fuska biyu ba shi da amfani wajen auna J

Wani malamin kimiyyar sinadarai yana koya wa ɗalibansa cewa wai mai neman adadin haɗi, wato J, ba ya bukatar NMR mai fuska biyu. Hujjojinsa uku ne: babban maganaɗisu yana buɗe tazarar J, COSY, wanda nau'in NMR ne mai fuska biyu, ƙarya yake yi, kuma yana cin lokaci.

Ta farko ita ce abin takaici. Babu ruwan J da ƙarfin maganaɗisu. Haɗi ne tsakanin ƙwayoyin zarra da ke bi ta ilektron ɗin da suka ɗaure su, shi ya sa ake rubuta shi da Hz. Haidirojin na farko a beta-gulukos yana rabuwa da kimanin Hz 8 a na'urar MHz 400. A kai shi na'urar MHz 800, takwas ɗin nan dai za a gani. Abin da babban maganaɗisu ke warewa shi ne mazaunin sigina, shi ma ninki biyu kacal a wannan misali. Yawancin haidirojin na zoben sukari kuwa cunkushe suke tsakanin ppm 3.2 da 4.0. In aka haɗa sukari uku ko huɗu, layuka sai su hau kan juna. To, Malam, daga wane tsini zuwa wane za ka aza ma'auninka? Kuma kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Tun 1959 Martin Karplus ya nuna cewa J mai ratsa ɗauri uku yana bin kusurwa: babba ne kusa da digiri 180, ya kusa ɓacewa a digiri 90. Tsakanin haidirojin na uku da na huɗu, gulukos yana ba da wajen Hz 9, galaktos wajen 3. Wanda ya karanta ba daidai ba ya sauya wa sukari suna ke nan!

Ta biyu akwai ƙamshin gaskiya. A DQF-COSY tsinayen suna fitowa ɗaya sama ɗaya ƙasa, don haka idan J bai kai faɗin layi ba sai su cinye juna, tazarar da ta rage ta fi ta gaskiya girma. Amma wa ya ce a tsaya a nan? A 1985 Griesinger da Sørensen da Richard Ernst suka fito da E.COSY, mai ba da damar auna ƙaramin J daga gocewar tsinaye. Tun 1976 ma, a ɗakin binciken Ernst da ke Zurich, aka samar da hanyar da ke ajiye J a fuska guda, mazaunin sigina a ɗayar. Malam bai ambaci ko ɗaya ba. Abin mamaki!

Batun lokaci kuma, na'ura ce ke kwana tana aiki, ba shi ba.

Malam ya gyara darasin nan kafin ɗalibai su shiga ɗakin gwaji da shi.